Tsoron Taɓo: Me Ya Hana Makarantunmu Hawan Dutsen Adar?

A kowace shekara, cikin watan Oktoba, abubuwa biyu kan zo tare a ƙasar Adar: ruwan sama ya ɗauke, makarantun boko kuma su buɗe. Daga wannan lokaci har zuwa ƙarshen Nuwamba, kafin ɗari ya kankama iska ta share kome, ƙasar da ke tsakanin Madawa da Buza da Keita takan kasance kamar allon da aka gama rubutu a kansa ba a kai ga wankewa ba. Duk inda ruwa ya bi ya bar sawunsa, inda ya kwanta ya bar laka, inda ya ƙi shiga kuma ya bar fako. A daidai wannan lokaci ne muke tattara yaranmu mu rufe su cikin aji ko rumfar kara, mu sa su haddace ma'anar zaizayar ƙasa da faransanci, alhali kuwa zaizayar tana nan baki buɗe a bayan makaranta. Wannan abin kunya ne, kuma laifin bai tsaya kan hukuma kaɗai ba. Malamai suna da kasonsu. Ƙungiyoyin raya al'adu kuwa, waɗanda suka fi kowa yawan zancen gado, nasu kason ya fi tsoka.

Abin da nake kira a yi ba ya bukatar mota ko kuɗin wani furoje. Malami ya ɗauki ajinsa da sassafe, su tashi daga gari irin Tama da ke cikin kwarin Magiya, su ratsa fadama da ƙafa, su hau gangaren dutse har su kai bisa, su komo gida kafin azahar. Shi ke nan. Amma ka kawo wannan magana a taron malamai ka ji amsa. Wani zai ce akwai taɓo, yara za su ɓata tufafi. Wani ya ce manhaja ba ta tanadi haka ba. Wani kuma ya yi murmushi ya ce yawon dutse ai aikin nasara ne, wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi. Dukkan amsoshin nan uku sun cancanci a tanka musu, amma bari mu fara duba abin da yaron zai gani, domin mu san girman abin da ake hana shi.

Da zarar an fita gari za a shiga fadama. A cikin kaka ƙasarta ba ta gama bushewa ba: samanta ya fara tsattsagewa, ƙarƙashinta kuwa laka ce baƙa mai danƙo, wadda ke riƙe takalmi har sai an ja da ƙarfi. Dawa tana tsaye ba a girbe ba, manoma na bin ruwan da ke janyewa suna shuka a cikin lema, wasu na gyaran wurin irin albasa. Bagaruwa ta kama bakin ruwa. Gawo, wanda ya kwashe damina tsirara, yanzu ne yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu, kuma wannan kaɗai ya isa darasin yini guda. Tambayar farko da malami zai jefa wa yara mai sauƙi ce: wannan laka da ke ƙafafunku, daga ina ta zo? Babu littafin da zai ba su amsar da ta kai wadda za su samu bayan tafiyar awa guda.

Domin kuwa suna barin fadama ƙasa za ta fara canjawa a ƙarƙashin tafin ƙafarsu. Laka ta ƙare, a shiga jigawa inda aka riga aka yanke gero, ƙarangiya na jiran ƙafar wando. Daga nan sai fako, ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki, wadda ko ciyawa ba ta tsira a kanta, ƙoramu sun yanka ta wuri-wuri, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum. Sai gangare, da farin dutse da tsakuwa. A bisa kuma shimfiɗaɗɗen tudu ne na marmara da baƙaƙen duwatsu, geza da sabara da anza nan da can, sai iska. Tsayin wannan tudu a wasu sassan Adar ya haura mita 700 daga matakin teku. Yaron da ya tsaya a bakinsa ya dubi ƙasa zai ga dukkan hanyar da ya biyo, kuma zai gane da kansa cewa ruwan da ya sauka a nan bai sami wurin shiga ba, sai ya gangara da gudu, ya kwashi ƙasar gangare da ta fako, ya je ya zube ta can inda takalminsa ya maƙale ɗazu. Ashe taɓon fadama naman jikin dutse ne. Wanda ya fahimci wannan da ƙafarsa ya fahimci dalilin da ya sa madatsar ruwa ta Ibohaman ta cika da laka, ya kuma fahimci abin da ke barazana ga madatsun Mozage da Zango, waɗanda ke tare ruwan Magiya domin noman rani na Ƙonni. Ruwan nan bai san iyaka ba ma: yakan ƙetare zuwa Najeriya ya ƙare a tafkin Kalmalo. Ga labarin ƙasa, ga kimiyya, ga tattalin arziki, duk a kan hanya guda.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Farin dutsen da ke gangaren yana ɗauke da ɓawon halittun ruwa da suka daskare, shaidar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki. Irin wannan dutse ne ake toyawa a yi siminti a Malbaza, shi ne kuma ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Yaran Adar sun sha tsintar waɗannan duwatsu suna jifa da su. Sunan garin Tama kansa, a rubuce, daidai yake da kalmar da kowane maƙeri ya sani, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, kuma Adar ta yi suna da wannan sana'a har Nicole Echard ta zo ta ɗauki aikin maƙeranta a silima. Yau yara nawa ne a ajinmu za su iya ɗaukar dutse su ce wannan tama ce?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihin jiya-jiyan nan, wanda masu shi suna nan da rai. Dogayen layukan dogon yaro da suka ratsa kwarin Magiya ba da kansu suka tsiro ba. An fara dasa su a 1975, bayan babban farin farkon shekarun 1970, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza: layi biyu-biyu, da ratar mita 100 tsakanin wannan shinge da na gaba, domin a karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Aikin ya kai ɗaruruwan kilomitoci, har masana daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa zuwa kallo. A arewa kuma, a 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari, aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO. A cikin kimanin shekara 20 an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Su wane ne suka yi aikin? Mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Mata ne suka haƙa ramuka a jikin gangaren dutse, suka ɗauki duwatsu a ka suka jera, ana biyansu da abinci. Furojen ya daɗe da rufewa, motocinsa sun tafi, amma ramukan da jerin duwatsun suna nan, wasu sun riƙe, wasu ruwa ya karya su babu mai gyara. Jikokin waɗannan mata suna zaune a aji ana karanta musu labarin yaƙi da hamada kamar abin da ya faru a wata duniya, alhali kakar yaro tana gida tana kaɗi, kuma da an gayyace ta da ta nuna masa da sandarta wurin da ta yi aiki. Wane irin ilimi ne wannan da ke tsallake kakar ɗalibi ya je ya yi aron misali daga littafin da aka buga a Faransa?

A nan ne nake juyowa kan ƙungiyoyinmu na al'adu. Mun mai da al'ada abin da ake hawa dandali a yi: rawa, waƙa, wasan kwaikwayo, baje kolin ƙwarya da faifai. Ba na raina ko ɗaya daga ciki. Tawa ce ta karɓi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma gasar kiɗa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu abin alfahari ce ga jahar. Sai dai al'adar da ta rayar da mutanen Adar cikin ƙasa mai wuya irin wannan ba a dandali take ba. Tana cikin sanin wace ƙasa ce ke riƙe ruwa, wace ƙorama ce ba a ƙetarawa idan hadari ya haɗu a gabas, yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki a cire ɗacinsu a shekarar yunwa, da sunan kowane tudu da kowane kwari da dalilin da ya sa aka sa masa sunan. Waɗannan sunaye ba su cikin taswira, kuma yawancin masu riƙe da su sun haura shekara 60. Duk tsohon makiyayi ko maharbi da aka kai kushewa, da shi ake binne wani yanki na taswirar Adar. Ƙungiya za ta kashe wata uku tana shirin biki na dare guda, ta ɗinka anko, ta yi hayar lasifika, amma ba za ta iya ware safiya guda ta bi wani dattijo zuwa bisa dutse da littafin rubutu a hannu ba.

A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. An yi ta murna, kuma murnar na da dalili. To amma harshe ba ya rayuwa da takardar doka. Idan ɗalibin da ya gama kwaleji a Madawa bai san bambancin jigawa da fako ba, bai san marmara ba, bai san laka dabam taɓo dabam ba, kome sai ya ce ƙasa, kowane itace sai ya ce icce, to hausar da muka ɗaga ɗin fanko ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram, kuma tun daga lokacin muke kukan rashin kalmomin kimiyya, muna zama a ofis muna ƙirƙiro sababbi waɗanda ba mai amfani da su. Kalmomin ilimin ƙasa kuwa suna nan a bakin manoma, tsararru, kowace da iyakarta, sai dai ba a koyonsu daga zaune. Haka tarihin: Djibo Hamani ya wallafa littafinsa a kan Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, ya bi zuwan Agabba daga Agadas da kafuwar sarautar Adar. Littafin da faransanci yake, kuma samunsa a karkara sai an sha wuya. Amma tudun da mutane suka riƙa fakewa a kansu lokacin hare-hare, da kwaruruwan da ayari ke bi, ba su je ko'ina ba.

Sai batun cewa yawon dutse aikin nasara ne. Gaskiya ne Turawa suna yi, har ma sun mai da shi abin gasa: a Sikotilan akwai duwatsu 282 da tsayinsu ya wuce ƙafa 3,000, mutane na ƙoƙarin hawansu duka. Can abin a juye yake da namu, domin ruwa a bisa tudu yake kwanciya, mai tafiya ya yini yana nutsewa cikin taɓon ruɓaɓɓiyar ciyawa ga sanyi ga hazo. Amma masu cewa wasan ƙosassu ne ba su san tarihinsa ba. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan matasa, yawancinsu leburorin masana'antu daga Mancesta da kewaye, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka killace domin harbin tsuntsaye. Aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Talakawa ne suka shiga kurkuku domin neman ƴancin taka taɓon ƙasarsu, kuma sai a shekara ta 2000 doka ta buɗe irin waɗannan wurare ga kowa a Ingila. Mu da babu wanda ya killace mana dutse, mu ne muka killace kanmu. Malaman da suka yi makarantar horon malamai kuma sun san sunan Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa, wanda tun shekarun 1920 yake fita da ɗalibansa yawo su dawo su rubuta abin da suka gani. Mun haddace sunansa domin cin jarrabawa, aikinsa kuwa muka bar masa. Ban da haka, yaushe tafiyar ƙasa ta zama baƙuwa ga Bahaushe? Fatake da almajirai da alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ba su jira nasara ya koya musu ba, kuma ba nasara ne ya ce tafiya mabuɗin ilimi ba.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan nauyi, ita ce ta wanda zai ce: malam, yaran ƙauye kullum a kan dutsen nan suke, su ne masu kiwo, su ne masu itace, me za ka nuna musu? Wannan magana tana da gaskiya a ciki, kuma tana tona abin da ba mu son faɗi. Yarinyar da ke hawa gangare da gatari ta sauko da dami a ka ta fi malaminta sanin hanyar nesa ba kusa ba. Sau da yawa malamin daga wata jaha aka turo shi, ya shekara uku a gari bai taɓa wuce bakin kasuwa ba. To, wannan tafiya shi ne ya fi kowa bukatarta. Ita kuma yarinyar, abin da za ta samu shi ne ta ga a karon farko cewa abin da ta sani ilimi ne, yana da daraja a gaban allo, ana iya aunawa a rubuta a zana shi, kuma yana da alaƙa da itacen da take sara da ƙoramar da ta cinye gonar mahaifinta. Makarantar da ke nuna wa yaro cewa duk abin da ya zo da shi daga gida jahilci ne, ita ce ke yaye matasan da ba su da buri sai na shiga motar Agadas ko ta Abijan. Yaran birni kuwa, na Tawa da Madawa, da yawansu sun fi sanin unguwannin da suke gani a wayar salula bisa ga dutsen da ke bayan garinsu.

Ban ce babu haɗari ba. Lakar da ke taruwa a bayan madatsa tana iya yin ɓawo a sama ta yaudari ƙafa, mutum ya nutse har ƙugu, don haka ba a bi ta tsakiyarta, kuma babba ne ke wucewa gaba da sanda. Ruwan da ya kwanta yana ɗauke da tsargiya, saboda haka ba wanka, ba shiga tafki, kowa da takalmi. Kububuwa na son ƙarƙashin duwatsu, ba a cusa hannu inda ido bai gani ba. Kaka kuma lokaci ne mai zafi tsakanin manoma da makiyaya, kafin hukuma ta ba da ranar sakin gonaki. Ba a manta da abin da ya faru a Bangi ta gundumar Madawa cikin Nuwamban 2016 ba, inda aka rasa rayuka kusan 20. Wannan ma dalili ne na fita, domin yaro ya ga burtali da idonsa, ya ga inda gona ta ci shi, ya ji daga bakin manomi da na makiyayi. Batun tsaro kuwa, bayan kisan da aka yi a yankin Tiliya cikin Maris na 2021 babu mai hankalin da zai yi wasa da shi. Inda hukuma da maigari suka ce kada a je, ba a zuwa. Amma tsakani da Allah, tudun da mata ke hawa kullum neman itace, wanda ana hango rufin makaranta daga kansa, ba tsaro ne ya hana mu zuwa ba. Ƙyuya ce, da kuma wani girman kai na mai farar riga da ke ganin laka a ƙafar wando zubar da mutunci ce.

Me ya sa na nace sai cikin kaka? Da damina ƙoramu na cika cikin ƙiftawar ido, suna cin mutane da dabbobi, kamar yadda ambaliyar 2024 ta tuna wa ƙasa baki ɗaya. Idan kuma aka bari sai Janairu, laka ta bushe, dabbobi sun tattake sawun ruwa, ciyawa ta ƙare, hazo ya rufe kwari har ba a ganin ƙetarensa daga bisa. Tsakanin tsakiyar Oktoba da ƙarshen Nuwamba ne kawai ake samun lema a ƙasa da sarari a sama, kuma makonni shida ne ko bakwai. Masu fakewa da manhaja su duba littattafansu: darasin yanayi, na tsirrai, na auna nisa, na zana taswira, na rubutun bayani, duk suna ciki, kuma safiya guda a kan hanyar nan tana taɓa kowannensu.

Saboda haka ga abin da nake nema daga kowace ƙungiyar al'adu da ke Buza da Keita da Madawa kafin kaka mai zuwa. Ta zaɓi makaranta guda, ta nemi izinin maigari da na iyaye da na masu gonakin da za a ratsa. Ta samo mutum biyu su yi jagora, makiyayi ko maharbi guda, da mace guda daga cikin waɗanda suka yi aikin duwatsu, a kuma ba su ladan wahalarsu kamar yadda ake ba makaɗi idan an gayyato shi. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwa da fensir. A rubuta sunan kowane wuri yadda jagora ya faɗe shi, da hausa ko da tamajak ko da fulatanci, ba tare da an gyara masa baki ba. Da aka dawo a zana hanyar a babbar takarda, a sa kwanan wata, a manna ta a bangon aji, a aiko da kwafi guda zuwa wannan mujalla.